Henri Rousseau: Ɗan duwan ɗin da ya fara zane yana da shekara 40, aka yi kusan shekara 25 ana yi masa dariya

A watan Mayun 2023 aka yi gwanjon wani zane a kamfanin Christie's da ke birnin New York na Amurka, aka saye shi kan dalar Amurka miliyan 43 da rabi. Zane ne na wasu tsuntsaye masu dogon wuya a bakin ruwa, ga manyan furanni a gabansu, ga itatuwa a baya. Mutumin da ya yi shi ya mutu shekara 113 kafin wannan ciniki, a wani asibitin birnin Faris, talaka futuk, kuma mutum bakwai kacal suka raka gawarsa maƙabarta.

Sunansa Henri Rousseau, amma a Faransa an fi saninsa da laƙabin Le Douanier, wato Ɗan duwan, ko jami'in kwastan a bakin ƴan Najeriya. Bai taɓa shiga makarantar koyon zane ba. Sai da ya kai shekara 40, yana ƙaramin ma'aikaci mai iyali, sannan ya kama zane gadan-gadan a lokutan da ya tashi daga aiki. Daga nan bai sake ajiye buroshi ba har mutuwarsa.

Ɗan maƙeri daga Laval

An haifi Henri Rousseau ranar 21 ga watan Mayun 1844 a garin Laval da ke yammacin Faransa. Mahaifinsa maƙerin gwangwani ne, irin masu ƙera fitilu da kwanuka. Bashi ya yi wa gidan katutu tun Henri yana yaro, har ta kai ga sun rasa gidan da suke zaune. A makaranta ba ya cikin haziƙai, sai dai ya samu kyaututtuka a fanni biyu, zane da kiɗa. Babu wanda ya ɗauki hakan da muhimmanci, har shi kansa.

Da ya bar makaranta ya samu aikin akawu a ofishin wani lauya a garin Angers. A nan ya fara shiga matsala. A 1863 aka kama shi da laifin ɗauke wasu ƴan kuɗi da kan sarki daga ofishin. Don ya samu sassauci sai ya shiga aikin soja, amma duk da haka sai da ya yi wata guda a gidan yari.

Ya yi kimanin shekara huɗu a soja ba tare da ya fita daga Faransa ba. A shekarun ne Faransa ta tura dakaru ƙasar Meksiko, kuma ya zauna da sojojin da suka dawo daga can yana jin labaransu. Daga baya labari ya bazu cewa shi ma ya je Meksiko, a can ya ga dazuzzukan da yake zanawa. Bai ƙaryata ba, hasali ma ya taimaka wa labarin ya yaɗu. Masu binciken tarihinsa sun tabbatar da cewa bai taɓa taka wata ƙasa ba.

Bayan mutuwar mahaifinsa a 1868 ya bar soja ya koma Faris. A shekarar da ta biyo baya ya auri Clémence Boitard, ƴar mai gidan da yake haya. Sun haifi ƴaƴa da dama, amma mafi yawansu sun mutu tun suna ƙanana. Ƴa ɗaya ce, mai suna Julia, ta rayu har bayan mutuwarsa.

Shekara 22 a bakin ƙofa

A 1871 ya samu aikin da ya ba shi laƙabinsa. A zamanin, birnin Faris na karɓar haraji kan kayan da ake shigowa da su cikin gari: abinci da abin sha, gawayi da itace, abincin dabbobi da kayan gini. Akwai ma'aikata a kowace ƙofa da bakin kogi, suna tsayar da amalanke da kwale-kwale, suna duba kaya, suna yanka takarda.

Wato dai Rousseau ba ɗan duwan ɗin kan iyaka ba ne irin na Ɗan Isa. Aikinsa ya fi kama da na masu yankan tikiti a bakin kasuwar Cadawa ko ta Gazawa. Abokansa ne suka ƙara masa girma da wannan laƙabi, cikin raha. Ya shekara 22 a wannan aiki kuma bai taɓa wuce ƙaramin matsayi ba.

Aiki ne na dogon zama da jira. Awanni na wucewa babu abin da ya gifta, sai mutum ya zuba wa bango da itatuwa da hayaƙin masana'antu ido. Waɗannan su ne abubuwan da ya fara zanawa. Ɗaya daga cikin zanen da ya yi na irin ƙofar da yake gadi yana gidan adana zane na Courtauld a Landan a yau. Shi da kansa ya sha faɗin cewa shugabanninsa sun riƙa ba shi wuraren da ba su da cunkoso domin ya samu sarari.

A 1884, yana da shekara 40, ya nemi takardar izinin shiga gidan tarihi na Louvre don ya riƙa kwaikwayon zanen magabata, aka kuma ba shi. Wannan ita ce makarantarsa. Ya ce ya samu ƴan shawarwari daga wasu fitattun masu zane biyu, Félix Clément da Jean-Léon Gérôme, amma babu wanda ya zaunar da shi ya koya masa. Burinsa shi ne ya yi zane sumul irin nasu, wanda hukuma ke saye tana ratayewa a manyan gine-gine. Hannunsa kuwa wani abu dabam yake fitarwa.

Baje kolin da ba a korar kowa

A lokacin, duk mai zanen da ke son a san shi a Faransa sai ya bi ta babban baje kolin shekara-shekara, inda wani kwamitin alƙalai ke tantance abin da za a nuna. Mutum irin Rousseau ba shi da hanyar wucewa ta wannan ƙofa.

Sai aka yi dace. A 1884 wasu masu zane da suka gaji da kwamitin, cikinsu har da Georges Seurat da Paul Signac, suka kafa nasu baje kolin mai suna Salon des Indépendants. Ƙa'idarsa mai sauƙi ce: babu alƙalai, babu kyauta, duk wanda ya biya kuɗin rajista zai rataya aikinsa. Rousseau ya fara kai nasa a 1886, kuma ya ci gaba da kaiwa kowace shekara har 1910, in ban da 1899 da 1900.

Abin da ya tarar a can shi ne dariya. Mutane kan yi cincirindo gaban zanensa don su yi nishaɗi. Ƴan jarida suka mayar da shi abin ba'a na kowace shekara, suna kwatanta aikinsa da na ƙaramin yaro. Dalilinsu a fili yake. Bai ƙware a ƙa'idar nesa da kusa ba, wadda ke sa abin da ke nesa ya ƙanƙance daidai gwargwado. Mutanen da yake zanawa kan tsaya ƙiƙam kamar an manna su, ƙafafunsu kamar ba su taɓa ƙasa ba, fuskokin jarirai kamar na dattawa.

Rousseau ya riƙa yanko abin da jaridu suka rubuta a kansa yana mannawa a wani littafi, na yabo da na zagi duka. Ya yi imani har zuciyarsa cewa shi babban mai zane ne. A 1890 ya zana kansa tsaye a bakin kogin Seine, sanye da baƙaƙen kaya da hular masu zane, buroshi a hannu, hasumiyar Eiffel da aka gama ginawa shekara guda kafin nan tana leƙowa a bayansa. A kan faifan fentin da yake riƙe da shi akwai sunan matarsa Clémence, wadda tarin fuka ya kashe a 1888.

A 1891 ya kawo zanen wata damisa mai ratsi-ratsi tana laɓe cikin ciyawa, ana tafka ruwa da iska. Masu dariya suka yi dariyarsu, amma wani matashin mai zane ɗan Siwizalan, Félix Vallotton, ya rubuta sharhin da ya yaba masa da gaske. Shi ne karon farko da wani ya ɗauki aikinsa da muhimmanci a rubuce. Zanen yana babban gidan adana zane na ƙasa a Landan.

Ritaya da talauci

A 1893, yana da shekara 49, ya yi ritaya don ya ba zane dukkan lokacinsa. Kafin nan ya shekara tara yana haɗa taura biyu, aiki da zane. Kuɗin fanshon da ya samu ba su taka kara sun karya ba. Ya koma koyar da yaran unguwa zane da kiɗa, wani lokaci kuma ya fita titi da gogensa irin na Turawa yana kaɗawa ana jefa masa ƴan sulalla. Mai sayar masa da fenti kullum yana bin sa bashi. Maƙwabta kan sa ya zana su, su biya shi abin da ya sauƙaƙa.

A 1897 ya yi zanen da mutane da yawa ke ɗauka shi ne mafi kyawun aikinsa, La Bohémienne endormie. Wata baƙar mace ce matafiyiya, sanye da doguwar riga mai ratsi, tana barci a kan rairayi cikin farin wata. Ga sandarta a hannu, ga tulun ruwa da abin kiɗa mai kama da molo a gefenta. Zaki ya zo yana sansanar ta, bai taɓa ta ba. Rousseau ya rubuta wa magajin garin Laval, mahaifarsa, yana tayin sayar masa da zanen. Ba a saya ba. A yau yana gidan adana zanen zamani na MoMA a New York, kuma yana cikin abubuwan da baƙi ke tururuwar gani.

A wannan shekarar ce ɗansa namiji da ya rage ya mutu yana matashi. A 1899 ya sake aure, ya auri wata bazawara mai suna Joséphine Noury, ita ma ta mutu a 1903.

Dajin da bai taɓa gani ba

Abin da ya fi fito da sunan Rousseau shi ne zanen dazuzzuka masu duhu, kimanin 25, waɗanda mafi yawansu ya yi su tsakanin 1904 da 1910. Akwai zakuna da birai da macizai da ɓauna, a tsakiyar ganyaye manya-manya da ya bi ɗaya bayan ɗaya da launin kore iri-iri.

To a ina ya ga wannan daji? A tsakiyar Faris. Yakan je lambun Jardin des Plantes, inda ake rainon tsirran ƙasashe masu zafi cikin ɗakunan gilashi, ga gidan namun daji, ga kuma dabbobin da aka busar aka cusa wa auduga. Yana da wani littafin hotunan namun daji na yara da yake kwaikwayo daga ciki. Sauran kuwa daga kansa suke fitowa. Shi ya sa za a ga tsiron da ake dasawa a tukunya ya zama ƙaton itace, a ga dabbobin da ba sa zama nahiya ɗaya sun haɗu wuri guda.

Mai karatu daga wannan yanki yana da dalilin kallon waɗannan zane-zane da ido biyu. Zamanin Rousseau shi ne zamanin da Faransa ke mamaye ƙasashen Afirka, jaridun Faris cike da hotunan namun daji da labaran yaƙi. A babban baje kolin duniya na 1889, wanda Rousseau ya je kallo har ya rubuta wasan kwaikwayo a kansa, an kawo mutane daga ƙasashen da aka mallaka an zaunar da su a ƙauyukan ƙarya ana kallonsu. A 1899 kuwa rundunar Voulet da Chanoine ta ratsa ƙasar Hausa tana ƙone garuruwa, daga Birnin Ƙonni har zuwa yankin Tasawa, inda sojojinsu suka kashe su a watan Yuli, aka binne su a Maijirgi. Abin da ke faruwa ke nan a ainihin ƙasashen da mutanen Faris ke mafarki. Dajin Rousseau mafarkin ɗan birni ne da bai taɓa fita ba, kuma a haka ya kamata a kalle shi.

A 1905 aka rataya babban zanensa na zaki ya danne barewa a baje kolin kaka na Faris, kusa da ayyukan Henri Matisse da abokansa, waɗanda su ma ake yi wa kallon masu karya ƙa'ida. Daga nan matasan masu zane suka fara lura da shi. Abin da ake zagin sa a kai, wato rashin bin ƙa'idar makaranta, shi ne abin da su suke ta fafutukar kaiwa gare shi. A 1907 mahaifiyar mai zane Robert Delaunay ta ba shi aikin da ya fito da zanen wata mace mai busa sarewa macizai na fitowa.

Kotu da liyafa

A ƙarshen 1907 ya sake faɗawa hannun hukuma. Wani ma'aikacin banki mai suna Louis Sauvaget, wanda suka san juna ta hanyar kiɗa, ya ja shi cikin wata damfara da aka yi wa babban bankin Faransa da takardun bogi da sunan ƙarya. Aka kama Rousseau a watan Disamba, ya yi kusan wata guda a gidan yarin La Santé.

Da aka zo shari'a a watan Janairun 1909, lauyansa ya ɗauko wata dabara mai ciwo. Ya nuna wa kotu ɗaya daga cikin zanensa na birai, ya karanto ba'ar da jaridu suka yi masa, don ya nuna cewa mutumin da ya yi wannan ba shi da wayon shirya damfara. Kotu ta kwashe da dariya. Aka yanke masa ɗaurin shekara biyu na jeka-ka-gyara-halinka. Aikin da ya sadaukar da rayuwarsa a kai shi aka gabatar a matsayin shaidar wautarsa, kuma shi ya hana shi komawa kurkuku.

Ana tsakiyar wannan shari'a ne, a 1908, wani matashi ɗan Sifaniya mai shekara 27, Pablo Picasso, ya ga wani babban zanen mace a shagon mai sayar da tsofaffin kaya. Mai shagon na sayar da shi ne a matsayin ƙyallen da za a iya shafewa a sake zane a kai. Picasso ya saye shi faran biyar, dala guda ke nan a irin lissafinmu. Da ya gano wanda ya yi shi, sai ya shirya masa liyafa a ɗakin aikinsa da ke unguwar Montmartre.

Marubuci Guillaume Apollinaire ya halarta, haka ma masu zane Georges Braque da Marie Laurencin, da marubuciya Ba'amurkiya Gertrude Stein. Aka zaunar da tsohon a kan kujerar da aka ɗora bisa akwati kamar karagar sarki, ya kaɗa musu gogensa. Waɗanda suka halarta sun saɓa a kan ko girmamawa ce ko tsokana. Abin da ba a saɓa a kai ba shi ne Picasso ya riƙe wannan zane har ƙarshen rayuwarsa, kuma yana gidan tarihin Picasso a Faris a yau.

Mutuwa da abin da ya biyo baya

A shekarunsa na ƙarshe dillalai sun fara sayen aikinsa, kodayake ba da tsada ba. Yakan shirya ƴan tarukan kiɗa a ɗakinsa da ke titin Perrel, inda mai gidan burodin unguwa da ɗalibansa ke zama kafaɗa da kafaɗa da marubuta. A watan Maris na 1910 ya nuna babban zanensa na ƙarshe, Le Rêve, wato Mafarki.

Bayan ƴan watanni wani ciwo da ya yi sakaci da shi a ƙafa ya ruɓe. Ya mutu ranar 2 ga watan Satumban 1910 a asibitin Necker, yana da shekara 66. Aka binne shi a kabarin talakawa a Bagneux. Daga baya abokansa suka yi karo-karo suka sama masa kabari na kansa, Apollinaire ya rubuta kalaman da aka sassaƙa a kan dutsen.

Shekara guda da mutuwarsa aka ware masa ɗaki na musamman a baje kolin da aka saba yi masa dariya, wani Bajamushe mai suna Wilhelm Uhde kuma ya wallafa littafi na farko a kansa. A 1936 zanen mai busa wa macizai sarewa ya shiga Louvre, gidan da ya nemi izinin shiga don kwaikwayo shekara 52 kafin nan. A 1947 aka mayar da ƙasusuwansa Laval, garin da ya ƙi sayen zanensa, inda daga baya aka buɗe gidan adana ayyukan masu zanen da suka koya da kansu.

Masu irin hannunsa ba su yi ƙaranci a nan ba. Duk wanda ya bi babbar hanyar da ta taso daga Gidan Rumji ta bi ta Maraɗi da Cadawa da Agiye ya ga allunan shagunan aski da na masu cajin waya, ya ga zakuna da dawakai a bayan manyan motoci, waɗanda mafi yawan masu yin su ba su taɓa zama ajin zane ba. A cikin ƴan ci-rani ma akwai masu gadi da masu jiran shago da ke da dogayen awanni irin na Rousseau a bakin ƙofa.

Tarihinsa bai yi wa irin waɗannan alkawarin arziki ba, domin shi kansa bai ga ko sisi daga miliyoyin da ake ambata yanzu ba. Bai kuma bar aikinsa da garaje ba, sai da ya kai ga fansho. Abin da tarihin ya nuna shi ne gemu ba ya hana ilimi: ya fara a shekarun da mutane da yawa ke ganin lokaci ya ƙure, da kayan aikin da ya ciwo bashi, kuma sau 23 yana ɗaukar zanensa ya kai wurin da ya san za a yi masa dariya.